Zanen da Na Yaye a Kan Ƙwarya

An ba da dogon hutu makon jiya, amma da za ka zaga unguwarmu ta Bekaji a nan Yola da hantsi ba za ka ce an ba da ba. Shiru kake ji, sai ƙarar janareta da hon ɗin masu keke. Jikokina uku da ke gidana, biyu an biya musu lesin, keke ke zuwa ya kwashe su da safe kamar ba a rufe makaranta ba, ɗayar kuma tana kwance a kujera da waya a hannu, in na yi mata magana sai ta ɗaga min yatsa wai in jira. Filin firamaren da ke bayanmu an zagaye shi da katanga tun lokacin tashin hankali, an sa ƙofar ƙarfe da maigadi, ciyawa ta yi tsayi a inda yara ke gaɗa da langa. Ina yawan yi wa jikokin nan gorin cewa mu a zamaninmu hutu ba ya cin ko kwabo, kuma gaskiya nake faɗa. Abin da ban taɓa gaya musu ba shi ne, a unguwar nan dai, ba katanga ce ta kashe hutun kyauta ba, ba kuma waya ba ce. Ni ce na kashe shi da hannuna, ranar wata Laraba, na haɗa da mutuncin aminiyata, kuma har yau ban iya haɗiye kunyar ba. Ba zan faɗi sunanta ba. Na tona mata asiri sau ɗaya, ya isa. Adda nake kiranta tun muna yara don ta girme ni da shekara guda, to Adda za ta zauna a nan.

A unguwar Gwadabawa muka tashi, lokacin da Jimeta ba ta wuce ka zaga ta da ƙafa kafin azahar ba. Mahaifin Adda ma'aikacin asibiti ne daga wajen Numan, Kirista, gidansu na jikin namu, zana ce kawai a tsakani, muna jin addu'arsu ta cin abinci, suna jin faɗan da Inna ke yi min in na makara sallar asuba. Hutu a damina yake faɗowa, damina kuwa ita ke kawo jirage. In Binuwai ta cika ta tumbatsa, sai ka ji kukan jirgin ruwa tun daga nesa, wani kuka mai kauri da ake ji a ƙirji, nan da nan unguwa ta watse, mu yara mu nufi bakin kogi a guje ba takalmi. Mu zauna a kan tudu muna kallon leburori na sauke gishiri da siminti, suna loda gyaɗa da auduga, suna waƙa, gumi na sheƙi a bayansu. Babana na cikinsu, kuma ina nuna shi da yatsa ina alfahari, don buhu biyu yake ɗauka in an yi gardama. Amma ba a zuwa kallo sai an gama aiki. A yi shara, a wanke kwanonin jiya da toka, a ɗebo ruwa, a kora awaki, a tsinko yakuwa da tafasa a bayan gari da raɓa na jiƙa mana ƙafa. Yaran yanzu in ka ce su ɗauraye kofi sai sun tambaye ka dalili.

Kallon jirgi na wani lokaci ne, wani makon ma ba ya zuwa. Abin da yake na kullum shi ne gidan Dada. Tsohuwa ce daga unguwar Wuro Hausa, mijinta ya rasu, ’ya’yanta ba wanda ya rayu, ta dawo Gwadabawa wurin ɗan wanta, aka ba ta sashe mai faɗin tsakar gida da babbar ceɗiya. Tana yi mana Hausa, in ranta ya ɓaci ta juye Fillanci, mu kuwa mun san in ta juye to mai laifi ya nemi wurin ɓuya. A gindin ceɗiyar nan muka koyi saƙar faifai da kaɗin auduga da kitso, maza suna waje suna langa da kokawa har sai ƙamshi ya kira su. In ruwa ya sauko mu cushe a zaure ta yi mana tatsuniya da rana tsaka, wai ita ta tsufa, ba abin da zai same ta. Ba wanda ya naɗa ta, ba wanda ya biya ta. Ita dai ba ta son ganin yaro yana gararamba, shi ke nan.

Tukunyar hutu ita ce zuciyar abin. Kowane yaro zai fito daga gida da dintsi guda na abin da gidansu ke da shi, tsaki ko shinkafa ko wake ko gyaɗa, a zuba wuri ɗaya, a dafa da yakuwa da ɗan manja, mu kira shi kowa-da-nasa. Ba wani abincin kirki ba ne, wata rana waken bai nuna ba shinkafar ta caɓe, amma ban sake cin abin da ya kai shi daɗi ba. Sai dai akwai doka, kuma dokar ba ta da sassauci. Tun daga ƙofar gidanku za ka dunƙule hannu, ba ka buɗewa a hanya, ba ka nuna wa kowa. A tsakar gida akwai wata babbar ƙwarya da Dada ke rufewa da tsohon zanen saƙi, baƙi mai ratsin fari. Mu yi layi, kowa ya cusa hannunsa ƙarƙashin zanen, ya buɗe a can ciki, ya zaro. Kuma ba a yin layin shiru. Dole sai ana waƙar gaɗa ana tafi da ƙarfi, wanda ya riga ya zuba ya koma gefe ya kama tafi, har na ƙarshe ya wuce. Dada kuwa tana zaune ta ba ƙwaryar rabin baya tana murza mazari. In wani mai rawar kai ya ce zai leƙa, sai ta ce, “Ƙwarya ba ta da ido, ni ma ban ara mata nawa ba, kai ne za ka ara mata?” Mu a lokacin mun ɗauka waƙar don nishaɗi ce. Sai da na girma na gane don kada a ji ƙarar zubar hatsi ne, ko rashin ƙararsa.

Na san rashin ƙarar nan da kaina. Wata damina, farkon hutu, katakon da ake takawa a hau jirgi ya zame da Babana yana ɗauke da buhu, aka kawo shi gida a kan ƙofa mutum huɗu na riƙe da shi. Ya kwanta wata da watanni. Gidanmu ya koma sau ɗaya ake ɗora tukunya, wata rana ma kunu ne da ganye. Inna mace ce mai tsananin kunya, ta ce ba inda za ni, ba za ta tura ’yarta ta ci na mutane ba. Kwana uku ina zaune a bakin zana ina jin tafin gidan Dada daga nesa, ina tsinkar zaren zanena. Rana ta huɗu Adda ta ɗaga zana ta shigo. Hausarta irin ta Jimeta ce, kowa “ka” ne a bakinta, mace da namiji, kuma Auta take ce min duk da ina da ƙanne biyu.

“Auta, tashi mu tafi,” in ji ta.

Na ce ba ni da abin zubawa.

“To wane ne zai gani? Ka dunƙule hannu kawai. Tashi, kafin Inna ya fito.”

Na bi ta da hannu a dunƙule, ba komai a ciki sai gumi. Da layi ya zo kaina ji na yi kamar kowa ya daina waƙa ni yake kallo, alhali ba wanda ya ko juyo. Na cusa hannu, na taɓa sanyin hatsin wasu, na buɗe, na zaro, na koma gefe ina tafi har tafin hannuna ya yi ja. Na ci na ƙoshi. Haka na yi hutun nan gaba ɗaya. Wata rana Adda kan ja ni bayan katangar masallaci ta raba dintsinta biyu ta zuba min rabi, wata rana ita ma nata bai kai a raba ba. Ina ganin na yi wa Dada wayo, sai wata la'asar ta kira ni ta miƙo min ragowar tukunya a akushi ta ce, “Kai wa Innarki ta ɗanɗana min gishiri, harshena ya tsufa.” Daga ranar kusan kullum harshenta na tsufa, kuma kullum Innata ce ta iya ɗanɗano. Dada ba ta taɓa ce min uffan a kan hannun wofina ba har ta koma ga Allah. Magana ɗaya na taɓa ji ta faɗa wa wata mata da ta ce ana cutarta da hannun wofi, ta ce, “Yunwa ba ta kashe yaro a yini guda. Kunya tana iyawa.”

Rayuwa ta tafi da mu. Jirage suka daina zuwa, kogi ya cika da yashi, ceɗiyar ma an sare ta an yi shaguna. Na yi makarantar horon malamai, na koyar, har na zama shugabar firamare, kuma duk wanda ya yi aiki a ƙarƙashina zai gaya maka ni mutum ce mai son tsari. Ina son layi miƙaƙƙe, ina son rajista, ina son in san wa ya zo wa bai zo ba. Malamaina suna ce min Soja a bayan ido, na sani, ban kuma ji haushi ba. Adda ta koyar da ɗinki da girki, ta auri wani malami mutumin wajen Michika, ya rasu ya bar ta da gida mai ɗaki uku a Bekaji, layi biyu tsakaninta da nawa. Ni na yi mata zaman makoki, ita ta kwana a asibiti da ni lokacin da aka yi min aiki. Da muka yi ritaya muka ga yaran unguwa na yawo a hutu ba abin yi, ita ce ta fara cewa, “Auta, mu tayar da tukunyan Dada mana.” Aka ba mu aron filin firamare da aji biyu. Ni ina koyar da karatu da lissafi, ita tana kawo keken ɗinkinta a baro tana koya wa ’yan mata, wani tsohon soja yana hura wa maza usur a fili, matan unguwa na karɓa-karɓar tsayawa a murhu. Ba wanda ke biyan komai sai dintsinsa. Na sayi ƙwarya, Adda ta kawo zane, muka koya wa yara waƙa da tafi. Har suka fara kirana Dada, ni kuwa ina amsawa da faɗin rai kamar na cancanta.

Sai tashin hankali ya zo. Ba sai na ba mutumin Yola labarin ranakun nan ba. Mun ga mutane na shigowa a ƙafa da a bayan tipa, daga Michika da Madagali da Mubi, wasu tun daga Borno, ƙafafu a kumbure, mace da goyo ba ta san inda sauran ’ya’yanta suke ba. Wasu aka kai su sansani, amma mafi yawa gidajen mutane suka shiga, wasu suka raɓa a kangaye. Dangin mijin Adda suka sauka a wurinta, ban taɓa ƙirga su ba amma sun kusa talatin, har baranda ana kwana. Duk da haka in ka gan ta ranar Lahadi da gogaggen zane da ɗankwali a karkace za ka rantse ba abin da ya dame ta. In na tambaye ta sai ta ce, “Mun gode Allah, Auta, muna ci.” Ni ma na yarda, don yarda ta fi min sauƙi. Kallon kitse nake yi wa rogo, kuma ban taɓa shiga madafinta na duba ba.

Lokacin ne kuma garin ya koyi tsoron duk abin da aka rufe. A ƙofar masallaci a shafa ka da ƙarfe mai ƙara, a coci a ce mata su bar jaka a waje, a kasuwa a buɗe ƙunshi, a tasha a ce sauke kaya. Damina ta zagayo, mutane da yawa ba su koma ba, muka buɗe hutu yara suka ninka. Na ji daɗin hakan da farko. Amma tukunya ta fara tsinkewa, ana ƙara ruwa ana ƙara yakuwa, ludayin da ke cika ya koma rabi, ƙanana na lashe kwano suna kallon murhu. Matan unguwa suka fara ƙananan maganganu. Wata maƙwabciyata ta tare ni a bakin famfo ta ce, “Hajiya, gaskiya fa yaran kangon nan ci kawai suke zuwa yi. Mu muna zubawa, su suna cusa hannun wofi. Zamanin rufe-rufe ya wuce, ko a masallaci buɗewa ake.” Da zan iya, da na ɗora mata laifin gaba ɗaya. Amma maganar ta sami wurin zama a raina ne don dama akwai shimfiɗa. Na ce wa kaina ba korar kowa zan yi ba, so nake kawai in san gaskiyar lamari, in san su wa za a taimaka wa, a yi abu bisa tsari. Haka na yi ta yi wa abin ado har ya yi kyau a idona. Ban shawarci Adda ba, kuma na san dalilin da ya sa ban shawarce ta ba.

Ranar Larabar an kwana ana ruwa, gari ya yi luf, fili duk taɓo. Adda ta makara, don sai ta sallami gidanta kafin ta fito. Yara suka yi layi hannu a dunƙule, suka ɗauki waƙa. Na ɗaga hannu na ce a yi shiru, da muryar nan tawa ta asambuli, suka yi tsit. Na kama gefen zanen na yaye shi, na ninke na ɗora a kafaɗa. Na ce daga yau kowa zai buɗe hannunsa a fili ya zuba, gaskiya ba ta tsoron rana. Ban taɓa jin filin nan shiru irin na ranar ba, har ɗigar ruwa daga kwano ana ji.

Yaran kango ne a gaba, don su ke riga kowa zuwa. Na tsaya na harɗe hannu ina jiran abin da na zo gani. Ta farko, wata ’yar Borno mai tsage a kumatu, ta buɗe, wake ne, ya zuba yana ƙara a ƙwarya. Na biyu tsaki. Wani ɗan ƙarami ya buɗe, gyaɗa ce ba ta fi ƙwaya shida ba, ya zuba ɗaya bayan ɗaya yana kallona. Akwai masu kaɗan, akwai masu kaɗan ƙwarai, amma ban ga hannun wofi ba. Sai yaran gidan Adda suka iso, baƙin nan dangin mijinta, su bakwai ko takwas, kowa da dintsin tsakinsa cikakke. A bayansu jikar Adda ce, wadda take riƙo tun tana jaririya, ’yar shekara tara, yarinya mai surutu da dariya, wadda na goya a bayana ba sau ɗaya ba. Ta tsaya nesa da ƙwaryar kaɗan, ba ta matso ba. Ni kuwa a lokacin neman abin da zai wanke ni nake, ina so in mayar da abin wasa, in nuna ba da mugunta na yi ba. Sai na washe baki na ce, “Yauwa, ga ’yar gida. Ku matso ku ga yadda ake yi. Zo, ’yata, nuna musu.”

Ta ce, “Dada,” a hankali.

Ban ji ba, ko kuma na ji ban saurara ba. Na kamo wuyan hannunta na ɗaga sama yadda kowa zai gani, ina dariya, na ɓamɓare yatsunta ɗaya bayan ɗaya da nawa yatsun. Tana matsewa ina buɗewa, na ɗauka wasa take. Ba komai a ciki sai shatin farcenta. Wata yarinya a baya ta yi dariya, wani ya ce “Laa!”, matan murhu suka juyo. Ni da na san nauyin hannun nan fiye da kowa a filin, ni da na yi hutu guda ina ɗauke da shi, na tsaya riƙe da shi a sama kamar na kama ɓarawo. Da na ɗago ido, Adda na bakin fili, baro da keken ɗinki a gabanta. Ban san tun yaushe take tsaye ba. Ba ta yi ihu ba, ba ta zage ni ba, da ta yi ma da ya fi min. Ta tako cikin taɓo ta zare hannun yarinyar daga nawa, ta dube ni ta ce, “Sannu da aiki, Hajiya.” Tun muna yara ba ta taɓa kirana Hajiya ba, ko bayan na dawo daga Makka. Ta juya da jikarta, mai baro ya bi su.

Bayan kwana biyu wani mai baro ya shigo fili da buhun shinkafa cikakke, a buɗe, bakinsa a naɗe yadda duk wanda ya wuce a titi zai ga abin da ke ciki. Ya ce Mama, wato Adda, ta ce a zuba a ƙwarya, nata ne da na gidanta har ƙarshen hutu. Ban san inda ta samo ba sai da na wuce wani shagon tela a hanyar kasuwa na ga keken ɗinkinta, na gane shi da tsagewar da ke jikin katakonsa. Da keken nan take samun na cefane. Na mayar da zane a kan ƙwarya tun washegari, na ce a ɗauki waƙa, amma yara sun riga sun san zane abu ne da ake iya yayewa. Suna cusa hannu suna kallon fuskata. Wasu iyayen suka hana nasu zuwa, waɗanda ban taɓa zato ba, ashe gidaje da yawa a layinmu zanen nan ne ke rufe su. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Muka dafa shinkafar Adda har ta ƙare, ban iya kai loma ɗaya bakina ba. Hutun da ya biyo ba wanda ya tayar da maganar tukunya, da aka zo yin katanga kuwa ba abin da ta tarar ta kashe.

Shekarun nan duka muna gaisawa da Adda. Mu haɗu a biki ko ta'aziyya, ta tambayi jikoki, ta tambayi ƙafata, in tambayi hawan jininta. Da Kirsimeti tana aiko da abinci, da Sallah ina aika mata nama. Sau nawa na ɗaura mayafi da niyyar zuwa in ba ta haƙuri, in kai bakin layinsu in wuce kamar kantin gaba za ni. Ni da na tsayar da ƙattin malamai suna rawar jiki, na kasa furta kalma biyu. Na yi ta ce wa kaina lokaci ya wanke, tone-tone ba shi da amfani. Ƙarya nake, tsoro nake ji.

Makon jiya, ranar da aka ba da hutu, na ji a bakin wata cewa Adda za ta bar Yola. Ɗanta ya gina mata ɗaki a ƙauyensu, ƙarshen wata za a zo a kwashe ta. Shekaranjiya da hantsi na tafi, ban bar wa kaina damar wucewa ba, na sa mai keke ya ajiye ni a ƙofarta. Falon duk kwalaye ne, hotuna an sauke, sai shatinsu a bango. Daga ɗakin ciki ana jin ƙarar jan salatif, wani na ɗaure kaya. Ta kawo min ruwa, muka gaisa, muka sake gaisawa. Sai na ce, “Adda, na zo ne a kan ranar nan.” Ba ta tambaye ni wace rana ba. Na faɗi abin da na zo faɗa, ban tsara shi ba, rabi kuka ne. Na ce ta yafe min tona mata asiri da na yi, da keken ɗinkinta, da komai.

Ta dube ni. Sannan ta ce, “Hajiya, keke ba komai ne ba. Talauci ma ba komai, duk Bekaji sun san yawan mutanen da ke gidana, me zan ɓoye? Wannan na yafe tun tuni. Abin da ya ci ni daban ne.” Ta nuna ɗakin ciki da haɓa, sai na gane jikar ce ke ɗaure kayan, kuma ita take nufi. “Ranan nan da safe na raba tsaki, na ba yaran baƙi, ya ƙare, saura shi kaɗai. Ya ce ba zai je ba, ya yi ta kuka. Ni ne na durƙusa na kama hannunsa na dunƙule masa. Na ce tafi, ba wanda zai gani, Dada na wurin. Ka san ni ba na rantsuwa, amma ranan na rantse masa. Ya share hawaye ya tafi don ni na faɗa.” Ta gyara ɗankwalinta. “Tun daga ranan, in na ce masa abu ba komai, sai ya dubi fuskana kawai. Yaro mai ladabi ne, bai taɓa min musu ba. Amma maganana ba ya shiga. Ni na rene shi, kuma ban sake zama mai gaskiya a wurinsa ba.”

Ban taɓa sanin wannan ba. Shekara da shekaru ina kunyar abin da na yi, ashe ko girmansa ban sani ba. Na ce ko zan iya ganinta, in roƙe ta da bakina. Adda ta ce, “Ka gwada.” Ta juya wajen labulen ɗakin ta ɗaga murya, irin muryar da ake lallashin ƙaramin yaro da ita, duk da yarinyar ta zama budurwa har tana karatu a jami'a.

“Fito ka gaishe da Hajiya. Magana yake so ya yi da kai. Fito, ba komai.”

Ƙarar salatif ta tsaya. Muka jira. Na gyara zama, na goge fuska da bakin mayafi, na shirya abin da zan ce. Adda ta sake kira, ta sake cewa ba komai. Labulen bai motsa ba. Ba ta kira na uku ba, ta dai ɗora hannuwanta a cinya. Muka zauna mu biyu, tsofaffi, a cikin kwalaye muna kallon labule, har aka kira azahar.